Nasiha Ga Samarin Limawa A Kan Auren Baƙuwa Da Takardunsa

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samarin Limawa da Garu da sauran unguwannin Dutse, da waɗanda suke gida tukuna, da waɗanda karatu ko neman halali ya riga ya kai su Khartum da Alƙahira da Indiya da Sin, har Ingila da Amurka, akwai wata mas'ala da na daɗe ina son mu tattauna, domin na lura malamanmu suna karantar da rabinta a zaure, lauyoyi kuma suna riƙe da ɗaya rabin a ofisoshinsu, da wuya a sami wanda zai haɗa wa yaro su biyun wuri guda tun bai sa ƙafa ba. Mas'alar kuwa ita ce auren macen da ba 'yar ƙasarku ba, da abin da yake biyo bayansa na takardu da hatimai da izinin zama, ko ita ce za ta taho ta zauna cikin danginku, ko ku ne za ku bi ta can inda take.

Kada wani ya ce muku wayar hannu ce ta kawo wannan al'amari. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun yi aure a Salaga da Kumasi, zuriyarsu ce ta cika zangunan da ake jin Hausa a cikinsu har gobe. Alhazan ƙafa kuwa, waɗanda sukan share shekaru a hanya kafin su ga Ka'aba, da yawansu a Sudan suka sami abokan zama, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da jama'ar da ta yi hijira ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har ta kafa gari a bakin Nilu. A wancan zamani idan liman ya ɗaura, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha, to magana ta ƙare, babu mai tambayar wata hujja bayan wannan. Ranar da Hausawa suka fara gane cewa duniya ta sauya ita ce ranar da gwamnatin Busiya a Gana, cikin watan Nuwamba na 1969, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga ƙasar. Magidantan da suka tsufa a can, suka gina gidaje, suka aurar da 'ya'ya, aka loda su a manyan motoci. Wani ya baro matarsa da 'ya'yansa don su 'yan can ne, wani ya taho da ita garin da ba ta taɓa gani ba. Aurensu sahihi ne, babu malamin da zai soke shi, amma sihhancinsa bai hana a raba su a bakin iyaka ba. Mu ma kuma, don a faɗi gaskiya, mun yi wa baƙinmu irin wannan a 1983.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga nan. 'Yar Limawa idan aka kai ta ɗakin miji a Zai ko Fagoji, ko ma Birnin Kudu, tana da gidan uba da za ta yi yaji, tana da kawu da zai sa babbar riga ya zo jin ba'asi, tana da mai unguwa da liman da suka ci goron ɗaurin aurenta. Ko babu takarda ko ɗaya, gari duka shaidarta ne. Baƙuwa kuwa, wadda ta ƙetare teku ko hamada ta biyo ka, duk wannan ta baro shi a baya, ba ta da kawu, ba ta da gidan yaji, sau da yawa ma ba ta jin harshen da ake shawara a kanta da shi. Abin da ya rage mata na kariya, bayan Allah da tsoron Allah na mijinta, shi ne takardar da take tabbatar da cewa ita matar aure ce, tana da haƙƙin zama, 'ya'yanta kuma suna da uba da ƙasa. Saboda haka ni a wurina gyara takardu yana cikin babin amana da kyakkyawar mu'ashara, wanda ya yi sakaci da shi ya tauye wani sashe na wajibinsa ko da ya cika akwatuna da lefe. Hukuncin kuma kanka yake juyowa idan kai ne ka tafi ka zama baƙo a ƙasar surukai.

A fara da shari'a, don ita ce asali. Rukunan aure da sharuɗɗansa a mazhabarmu ta Malikiyya sanannu ne ga duk wanda ya yi Risala, balle wanda ya kai Muhtasar: waliyyi, da sadaki wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, da siga, da shaidu biyu adilai, kuma nisan ƙasa ba ya sauke ko ɗaya daga ciki. Idan yarinyar Musulma ce, 'yar Sudan ko Masar ko Maroko, waliyyinta ubanta ne, ba a tsallake shi don yana nesa alhali waya tana kai magana ko'ina. Ku kuma sani ƙasashen Larabawa suna da nasu ƙa'idoji a kan baƙo, har Saudiyya ba ta yarda 'yar ƙasarta ta auri baƙo sai da izinin hukuma. Idan Kitabiyya ce, Banasariya ko Bayahudiya kamammiya, halaccin aurenta yana cikin Suratul Ma'ida, babu jayayya. Sai dai Imamu Malik ya karhanta shi, karhancin kuma ya ƙara ƙarfi idan a ƙasarsu za a zauna, dalilinsa kuwa bai wuce abin da kowane uba zai iya hangowa ba, wato a hannun wa 'ya'ya za su tashi. Miji ba shi da ikon tilasta mata barin addininta, don haka wanda ya aure ta da niyyar zai juya ta bayan an tare ya gina gidansa a kan zato. Idan kuwa ta musulunta, to ta musulunta don Allah, a koya mata tsarki da salla a tsanake, kada a mai da kalmar shahada wani mataki da ake takawa da safe don a ɗaura aure da azahar. Waliyyinta a wannan hali alƙali ne ko limamin da ya tsaya a madadinsa. Game da 'yan'uwanku mata, ijma'in malamai ne cewa Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba.

Bayan wannan sai takardunka kai kanka, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne galibin yaranmu suke tuntuɓe tun ba su fita ƙofar gida ba. Ɗauki jakar takardun kowane saurayi a unguwar nan ka zazzage ta a kan tabarma. A rajistar firamare an rubuta shi Mamman, a takardar sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a fasfo kuma an ƙara wani harafi. Sunan mahaifi ya ɓace a wata takardar, an maye gurbinsa da Limawa ko Dutse, kamar yadda makarantun boko suka saba tun zamanin En'e. Ranar haihuwa ɗaya ga Janairu ce, don ita malamin da ya cike fom ya ga dama, shekara kuwa an rage biyu don kada a wuce talatin a rasa bautar ƙasa. Mu duk mun san mutum ɗaya ne, mun je sunansa, mun san gidan da aka yanke masa cibiya. Ma'aikacin ofishin jakadanci bai san wannan ba, kuma ba a ɗora masa ya sani ba. Abin da yake gabansa mutum huɗu ne masu shekaru daban-daban, kowannensu yana da'awar shi ne angon. Saboda haka tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a je Hukumar Ƙidaya a karɓi takardar haihuwa, ko takardar shaidar haihuwa ga wanda ba a yi masa rajista yana jariri ba, a haɗa da rantsuwar kotu ta babban da ya san haihuwar, a daidaita lambar katin ɗan ƙasa da fasfo har suna da rana su zama ɗaya harafi da harafi. Aiki ne mai cin watanni da jeka-ka-dawo, amma mutumin Dutse, wanda yake dasa dabino ya yi ta ban ruwa shekaru kafin ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya, bai kamata a koya masa haƙuri ba.

Kusan duk ƙasar da za ka je ɗaurin aure za ta nemi takardar rantsuwa cewa babu igiyar wani aure a kanka, ko takardar saki, ko ta rasuwar matar farko. Wasu sukan ƙara da shaidar 'yan sanda cewa ba a taɓa kama ka da laifi ba. Waɗannan takardu ba sa aiki a waje da hatimin kotun Dutse kaɗai. Akwai wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin Heg a 1961, wadda ta sa ƙasashen da suka shige ta suke karɓar takardun juna da hatimi guda. Nijeriya ba ta cikinta, don haka tilas takardarka ta bi doguwar hanya, daga kotu zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tabbatar da ita, daga nan zuwa ofishin jakadancin ƙasar amarya a sake tabbatarwa, sannan tafinta wanda hukumarsu ta amince da shi ya fassara ta zuwa harshensu. Da yawa daga cikin takardun kuma suna da wa'adi na 'yan watanni, wanda ya yi su da wuri ƙwarai sai ya tarar ta farko ta mutu kafin ta ƙarshe ta fito.

A kan wannan rantsuwa ina da magana mai nauyi ga masu mata a gida. Wanda yake da uwargida a Limawa da 'ya'ya uku, ya ɗaga hannu a kotu ya rantse cewa bai taɓa aure ba, ya yi abin da fuƙaha'u suke kira yaminul gamusi, rantsuwar da take dulmuyar da mai ita cikin zunubi, kuma ya zalunci mata biyu a lokaci guda: ya yaudari baƙuwa da ta ba shi amana, ya kuma goge sunan uwar 'ya'yansa daga littafin hukuma, ta yadda ko bayan shekara ashirin ya so ya kai ta ko ya kai 'ya'yanta wurinsa, bakinsa ne zai ƙaryata shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mafi muni shi ne abin da na ji wasu suna yi, wai su rubuta wa uwargida saki na takarda, su ce mata ai na wasa ne, na Turawa ne. Alhali duk ɗalibi ya san saki yana cikin abubuwan da wasansu gaske ne. Ingila da Amurka da Kanada ba sa ba mata ta biyu izinin shiga a matsayin matar aure, wannan dokarsu ce, ba su ɓoye ta ba. Wanda yake da niyyar tara mata sai ya san haka tun farko, ya gina rayuwarsa inda shari'ar wurin ta yarda da ita.

Babbar ƙa'ida a tsakanin ƙasashe ita ce, ana auna ingancin ɗaurin aure da dokar wurin da aka ɗaura shi. Wannan ne ya haifar da abin mamaki: auren da limamin Limawa ya ɗaura a ƙofar gida, Ingila tana karɓarsa aure ne, domin dokar Nijeriya ta karɓe shi, amma wanda wani malami ya ɗaura a falo a Landan ba tare da rajista ba, kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke a 2020 cewa irinsa ba aure ba ne a idon dokarsu, matar kuma ba ta da haƙƙin da matan aure suke da shi ranar rabuwa. A Faransa ma sai an fara ɗaurawa a ofishin magajin gari kafin a je masallaci.

Bari in kawo misali mai nisa don ku ga yadda abin yake. A unguwar Buronkis ta birnin Niyok, mutanen Afirka ta Yamma, har da Hausawan Gana da Nijar, maƙwabtaka suke yi da mutanen Jamhuriyar Dominika, ƙasar da take raba tsibiri ɗaya da Haiti, babban birninta Santo Domingo, harshenta Sifaniyanci. Haka kuma ake haɗuwa da su a Sifen. Idan Allah Ya haɗa jinin ɗayanku da ɗiyarsu, iyayenta suka ce a zo gida a ɗaura, to a gaban jami'in rajistar jama'a za a ɗaura, da fasfo, da takardar haihuwa, da rantsuwar rashin aure, duk an fassara su, da shaidu. Kuma tun 2021 dokarsu ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan ɗauri na ofis babu waliyyi a cikinsa, babu sadaki, don haka bai ɗauke maka ɗaurin shari'a ba, sai ka yi su duka biyu. Abin da ya fi kamata ka buɗe ido a kansa shi ne dukiya. A wurinmu abin miji nasa ne, abin mata nata ne, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuwa a wuyan miji suke. A can kuwa, idan ba ku je gaban mai tabbatar da takardu kun rubuta yarjejeniyar raba dukiya kafin ɗaurin aure ba, doka tana ɗaukar abin da kuka samu a zaman aure tarayya ne a tsakaninku. Ƙasashe da yawa masu bin tsarin shari'ar Faransa da Sifen haka suke. Ban ce ɗaya daga cikin hanyoyin biyu zalunci ce ba idan an shige ta da sani da yarda. Abin da na ƙi shi ne saurayi ya sa hannu a kan takardar da ba ya iya karantawa, ya zo yana kuka bayan shekara goma.

Akwai kuma tarko a cikin gida. Sau da yawa akan ce wa yaro ofishin jakadanci ba ya karɓar auren Musulunci, sai ya je ya yi na rajista, wanda mutane suke kira auren kotu. Aurenmu ingantacce ne a dokar Nijeriya, abin da yake bukata shi ne takardar shaida daga hukumar da aka sani, kotun shari'a ko ƙaramar hukuma, mai ɗauke da sunayen waliyyi da shaidu da adadin sadaki. Auren rajista kuwa wani abu ne daban, asalinsa dokar da Turawa suka kafa a 1914: ana liƙa sanarwa kwana 21, a ɗaura cikin wata uku, kuma aure ne na mace ɗaya tak. Wanda ya yi shi sannan ya ƙara aure bisa al'ada, dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyar. Haka nan wanda yake da mata tun farko ya je ya yi na rajista da wata. Sakin baki ko na rubutu ba ya warware shi, sai Babbar Kotu, bisa dokar 1970, wadda ba ta ma sauraron ƙarar rabuwa kafin a cika shekara biyu sai da izini na musamman. Ga shi kuma yakan jawo jayayya a kan gado. Mai yiwuwa ne wani ya ga maslaharsa tana cikin yin sa, musamman idan amarya da danginta ba su natsu da wani ba, to ya yi shi yana sane da abin da ya ɗauka, bayan ya zauna da malami ya kuma zauna da lauya.

Ga wata mas'ala da ba kowa yake lura da ita ba. Mu a al'adarmu amarya tana cikin gida ana mata lalle, ango ma wani lokaci yana can wata ƙasa, waliyyi da wakili ne suke zama gaban liman, wannan ya ce mun nema, wancan ya ce mun bayar, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. A fiƙihu wakilci sahihi ne, babu ƙura a kansa. Amma Amurka ba ta ɗaukar auren da ba a ɗaura shi ma'auratan suna wuri guda ba, sai in an tabbatar sun tare bayan ɗaurin. Kanada kuwa tun 2015 ta daina karɓar auren wakilci da na waya a sha'anin kawo mata ko miji. Saboda haka wanda ya san zai nemi izinin ɗaukar matarsa zuwa irin waɗannan ƙasashe, ya daure ya zo da kansa, a shirya yadda ita ma za ta halarci wurin ko da a bayan labule, su biyun su sa hannu a takardar, a ɗauki hoto, a adana katin gayyata.

Idan ita ce za ta taho, al'amarin ya fi sauƙi, amma ba a shigo da ita da bizar yawon buɗe ido a bar wa'adi ya wuce. Hukumar shige da fice tana da tanadi na musamman ga matan 'yan Nijeriya: miji ya rubuta wasiƙar ɗaukar nauyinta, a haɗa da takardar aure da fasfo na su biyun, a ba ta katin zama, a riƙa sabunta shi kan kari. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 26, ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, ba tare da dokar Nijeriya ta tilasta mata barin ƙasarta ta haihuwa ba. Ku nema mata wannan tun kuna da ƙarfi, don kada zamanta ya rataya ga numfashinku. Wannan dama ba a ba mijin 'yar Nijeriya ita ba, shi sai ya bi sashe na 27, mai sharaɗin zaman shekara 15. An kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisar tarayya, ta ƙi shi a watan Maris na 2022. Iyayen da za su ba baƙo 'yarsu su san da haka. Game da 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda auratayya tsakaninmu da su ta girmi iyakar Maigatari nesa ba kusa ba, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba da shiga ba biza har kwana 90, ga shi kuwa Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Ko da yake ana ci gaba da zirga-zirga, hankali ya nuna a rubuta auren 'yar Damagaram kamar yadda za a rubuta na 'yar kowace ƙasa.

Idan kai ne za ka bi ta, ko kana can kana son ɗauko matarka, to lissafi ne tsagwaronsa. Ingila a 2012 ta fara neman mai ɗaukar nauyi ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara, a watan Afrilu na 2024 ta ɗaga zuwa 29,000, ban da jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka ga mai tahowa daga Nijeriya, sannan shekara biyar kafin a sami zama na dindindin. Tun Janairun 2024 kuma galibin ɗalibai ba sa iya kai iyalinsu. A Amurka mai ɗaukar nauyi yana rattaba hannu cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucinsu, kuma wannan alkawari ko saki ba ya sauke shi. Idan auren bai kai shekara biyu ba, katin zama na wucin gadi ake bayarwa, a sake bincike bayan shekara biyu. A Kanada alkawarin na shekara uku ne. Waɗannan adadi suna sauyawa, ƙofa ma takan rufe ba zato, kamar yadda Amurka ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya a Fabrairun 2020 ta buɗe a Janairun 2021; don haka ku karanta sharuɗɗan daga hukumar kanta a ranar da za ku nema, ku guji ejan da yake cewa yana da hanya ta bayan gida. Za su tambaye ka sunan surukarka, da abin da matarka take ci da safe, da wanda ya biya kuɗin jirgi. Mai auren gaskiya ba ya bukatar a yi masa bita. Ka kuma tambayi kanka, tsakaninka da Allah, ko za ka iya zama shekaru a gidan da izinin zamanka yake hannun matarka, ita ke fita aiki kai kana jiran takarda, domin na ga wannan ya karya mazan da ba a zaci za su karye ba.

Amma auren takarda, wanda ake biyan mace kuɗi ta amsa sunan mata har a sami kati sannan a rabu, ba sai na tsawaita ba. Aure da aka yanka wa wa'adi mutu'a ne, ɓatacce ne a wurin Ahlus Sunna. Dokar Amurka ta 1986 kuma ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar dala 250,000. Wanda kuma ya nuna wa wata baiwar Allah ƙauna alhali fasfonta yake so, Allah Yana ganin abin da ta kasa gani.

Saura 'ya'ya da mutuwa, abubuwa biyu da masoya ba sa son a ambata. Ɗan da aka haifa wa ɗan Nijeriya a waje ɗan Nijeriya ne bisa sashe na 25, amma sai ka kai takardar haihuwarsa ofishin jakadancinmu ka yi masa fasfo. Idan rabuwa ta zo, reno a mazhabarmu haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta. Kotunan ƙasashen waje kuwa ba za su bari a fitar da yaro ba sai da yardarta ko da izininsu. Uban da ya sulale da ɗa zuwa gida a ɓoye, yana taƙama da cewa Nijeriya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1980 ta mayar da yaran da aka gudu da su ba, ya aikata babban laifi a dokarsu, ya kuma ƙona zuciyar uwa. Ku yi maganar addinin 'ya'ya da makarantarsu da inda za su tashi tun kuna zance, lokacin da kowa yake iya cewa a'a.

Gado kuwa, saɓanin addini yana hana shi. Kitabiyyar da ta bar ƙasarta ta zauna da kai shekara talatin, ta yi jinyarka, ta yi maka takaba wata huɗu da kwana goma, za a raba tarikarka a gabanta ba ta da tumuni, ɗakin da take ciki ma ya zama na magada. Shari'a ba ta bar ka babu mafita ba: kana da wasiyya har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba, kana da kyauta tun kana da lafiya, da sharaɗin ta karɓa ta mallaka a hannunta, don kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ɓatacciya ce a wurin Malikiyya. Ka rubuta wannan a gaban alƙali da shaidu, ka kira 'yan'uwanka shaƙiƙai ka karanta musu da bakinka don kada su ce ba su ji ba. Fasfonta da katin zamanta su zauna a hannunta, kada su shiga akwatinka ko na mahaifiyarka. Ka kuma ware mata, a asusun da yake da sunanta ita kaɗai, abin da zai kai ta gidan iyayenta ya dawo da ita duk ranar da bukata ta taso.